Waiwaye: Yadda Intanet Ta Koyi Gane Sunaye

Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba. Duk wanda ya rubuta sunan shafi a wayarsa, sai an nemo lambar adireshin da ke bayan sunan kafin shafin ya buɗe. Yau abin ƙiftawar ido ne, amma da can da hannu ake yin sa.

A shekarun 1970, zamanin ARPANET ta Amurka, mahaɗar kwamfutocin da ta haifi intanet, sunayen dukkan na'urorin da ke haɗe suna cikin fayil guda, HOSTS.TXT, a hannun ofishin Elizabeth Feinler na cibiyar SRI a Kalifoniya. Wanda ya girka sabuwar na'ura sai ya sanar da su, su ƙara sunan, kowa kuma ya sauke sabon kwafi. Da na'urori suka yawaita, abin ya fi ƙarfin ofis ɗaya: kafin kwafi ya zagaya ya tsufa.

A 1983 Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS, mai juya suna zuwa lambar adireshi, aka gyara shi a 1987. A ganina hikimarsa ba a sauri take ba, a rabon iko take. Babu mai riƙe da jerin duka. Tushe, wato matakin da ke can saman tsarin, ya san wanda ke kula da ƙarshen adireshi irin .ng ko .ne kawai, shi kuma ya nuna na ƙasa da shi, kamar yadda hakimi kan tura baƙo wurin mai unguwa. Na'urar da ta tambaya takan ajiye amsar na ɗan lokaci, don kada ta yi ta komawa.

Sai dai an gina tsarin bisa amana, a lokacin da kusan kowa ya san kowa. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna yadda za a cusa amsar ƙarya a karkatar da mutane zuwa shafin bogi. Sai a 2010 aka sa wa tushe hatimin tsaro na DNSSEC. Ikon tushen ma an daɗe ana jayayya a kansa. Jon Postel ya riƙe shi shekaru, aka kafa ICANN, hukumar kula da sunayen intanet, a 1998, gwamnatin Amurka ba ta janye sa idonta ba sai 2016.

Akwai kuma batun haruffa, wanda ya taɓa mu. Asalin tsarin baƙaƙen Ingilishi, lambobi da karan ɗori kawai ya sani. Masar da Saudiyya sun samu ƙarshen adireshi da Larabci a 2010, amma har yau mai shafin Hausa yakan sauke lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ kafin ya yi wa sunansa rajista.