Waiwaye: Yadda aka fitar da 1 daga jerin lambobin firaim

A makarantun sakandare na Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, idan malamin lissafi ya rubuta 2, 3, 5, 7, 11 a allo ya ce su ne lambobin firaim, wato waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, da wuya a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina 1?" Galibi amsar ita ce haka yake a littafi. Amma yaron yana da gaskiyarsa, domin masana sun shafe ƙarnuka suna wannan gardama.

Girkawan dā ba su ma ɗauki 1 a matsayin lamba ba. Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana lamba da cewa tarin ɗaya-ɗaya ce, don haka ƙirga na farawa daga 2. Shi ne kuma ya kawo hujjar cewa lambobin firaim ba su da iyaka. Wasu daga cikin Girkawan, irin su Nikomakus, har 2 suka cire, saboda a ganinsu sai lambar wutiri, wato wadda ba ta rabuwa biyu daidai, ce ke zama firaim. Masana lissafi na ƙasashen Musulmi yawanci sun bi Girkawa kan matsayin 1.

Sai a 1585 wani masanin lissafi, Simon Stevin, ya fito ƙarara ya ce 1 lamba ce kamar sauran. Daga nan rigimar ta sauya salo: tunda lamba ce, kuma ba ta rabuwa da komai sai kanta, me zai hana ta shiga jerin? A wasiƙar da masanin lissafi Goldbach ya aika wa takwaransa Euler a 1742 ya ƙirga ta a ciki, Euler kuwa bai yarda ba. Har a 1914 ɗan Amurka D. N. Lehmer ya wallafa jerin lambobin firaim zuwa kimanin miliyan 10, kuma da 1 ya buɗe shi.

Abin da ya raba gardamar shi ne wata ƙa'ida da masanin lissafi Gauss ya tabbatar da ita tsaf a 1801: kowace lamba sama da 1 hanya ɗaya tak ake samar da ita ta ninka lambobin firaim. Ɗauki 60, ita ce 2 × 2 × 3 × 5, babu wata hanyar. Da an shigar da 1, sai a rubuta 1 × 2 × 2 × 3 × 5, a ƙara wani 1, a sake ƙara wani, abin ba ƙarshe. Haka ma rariyar Eratostenis, dabarar da ake soke ninkin kowace firaim don tace sauran. In aka fara da 1, duk sauran lambobin za a soke. A ganina wannan hujjar ya kamata a riƙa nuna wa ɗalibai, don ba ta cin minti biyar a allo.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 kusan kowa ya amince: 1 ba firaim ba ce, ba kuma haɗaɗɗiya ba ce irin 4 ko 6, ajinta daban. Ɗalibin da ya sa ta cikin jerin a jarrabawar WAEC ko NECO zai rasa makinsa.