Waiwaye: Tururuwar da Ta Yi Shekara 46 Ana Nemanta

A watan Disamba na 1931 wasu masu yawon bincike a kudancin Yammacin Ostireliya suka tsinto tururuwa guda biyu, masu launin ruwan zuma, da manyan idanu da dogon muƙamuƙi. Tsawon kowacce kusan santimita ɗaya ne. A 1934 masanin ƙwari John Clark ya raɗa musu suna Nothomyrmecia macrops, ya ce sabon jinsi ne. Daga nan sai shiru. An yi ta komawa yankin ana tono, ko sama ko ƙasa.

Sai a watan Oktoba na 1977 aka dace. Motar masanin ƙwari Robert Taylor da abokan aikinsa ta samu matsala kusa da wani ɗan ƙauye, Poochera, a Kudancin Ostireliya, fiye da kilomita 1,000 daga inda aka fara ganinta. Da dare suka haska jikin itatuwan turare, sai ga ta tana hawa. Ashe cikin sanyin dare take fitowa, lokacin da sauran tururuwa suka lafe, kuma kowacce ita kaɗai take farauta, ba a jere ba.

Samunta bai kashe gardamar dangin tururuwan da za a sa ta a ciki ba. Clark ya fara sa ta cikin dangin Ponerinae, a 1951 ya ware mata dangi nata na kanta. William Brown ya mayar da ita cikin Myrmeciinae, tare da manyan tururuwan Myrmecia masu zafin harbi. A shekarar 2000 kuma Cesare Baroni Urbani ya ce sunan ma bai da gurbi, domin a ganinsa jinsi ɗaya ce da Prionomyrmex, wata tururuwa da ta daɗe da ƙarewa, wadda Gustav Mayr ya bayyana a 1868 daga ƙaron itace da ya daskare a yankin Baltik, a arewacin Turai. A 2003 Philip Ward da Seán Brady suka haɗa siffar jiki da binciken ƙwayoyin halitta, suka maido mata da sunanta a cikin Myrmeciinae.

Ni dai ina ganin hukuncin nan ya yi daidai, kuma yana da nauyi. Ita kaɗai ce a jinsinta, gidajenta ƙanana ne, sarauniyarta ba ta iya tashi da nisa, ga sare daji da gobara na cin mazauninta. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa.