Amami Oshima, tsibirin Japan da ake rini da taɓo

Wai ina ne ma Amami Oshiman nan?

Can kudancin Japan yake, tsakanin Kagoshima da Okinawa, a ƙarƙashin jihar Kagoshima. Mutanensa wajen dubu 60 ne, garuruwansa da ƙananan ƙauyukansa yawanci a bakin teku suke, bayansu kuma duwatsu da daji mai duhu. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ce ta riƙe shi har zuwa Disamban 1953.

Da gaske ne da taɓo suke rina zare?

Da gaske, kuma shi ne abin da ya fi burge ni. Akwai wani icce da suke kira techigi, sai a faskara shi ƙanana a dafa a babbar tukunya har ruwan ya yi ja, a dinga tsoma zaren alharini a ciki ana murzawa da hannu kamar sau 20, sannan marini ya kwashi zaren ya shiga cikin fadama taɓo har gwiwa ya cuɗa shi da taɓon. Taɓon wurin yana da sinadarin ƙarfe sosai, da ya haɗu da ruwan iccen nan sai zare ya fara duhu. A koma tukunya, a dawo fadama, haka dai har tsomin ya kai sau 80 ko fiye kafin a samu baƙin da ake so, baƙi mai ɗan ja-ja a ƙarƙashi wanda rinin kamfani ba ya iya kawo shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata ya ga hannun masu baba zai gane irin wahalar da nake nufi.

To me ake yi da zaren?

Yadin kimono, wato rigar gargajiyar Japan, ake saƙawa, sunansa Oshima tsumugi. Ba bayan saƙa ake buga zanen ba, a'a, tun kafin rini ake ɗaure zaren tam a wuraren da ba a so rini ya shiga, in an kwance sai ɗigo-ɗigo fari ya fito, masaƙiya kuma ta zauna da allura tana daidaita ɗigon zaren tsaye da na kwance ɗaya bayan ɗaya. Turmi ɗaya yakan ci wata 6 zuwa shekara, shi ya sa tsadarsa ba ta wasa ba.

Kenan mutanen tsibirin masu kuɗi ne tun da can?

Ina! A 1609 sarakunan Satsuma, wato yankin Kagoshima na yanzu, suka ci su da yaƙi, daga baya aka tilasta musu noman rake, ana kwashe sukarin a matsayin haraji. A 1720 ma aka hana talaka sa yadin da shi da kansa ya saƙa. Yunwa ta sa har sotetsu suke ci, wani tsiro mai kama da ɗan dabino amma guba ne, sai an jiƙa an wanke an bar shi ya ruɓa tukuna. Wallahi in na tuna wannan sai yadin ya ƙara min kwarjini.

Abincinsu fa?

Keihan ne a gaba: shinkafa da yagaggen naman kaza, ƙwai yankakke siri-siri, laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da gwanda da aka jiƙa, a kwarara romon kaza mai zafi a kai. Suna da baƙin sukari na rake, kusan mazarƙwailarmu ce sak. Sai miki, abin sha fari mai kauri na shinkafa da dankalin Hausa, mai ɗan tsami kamar kunu.

Musulmi zai ci ba fargaba?

Sai da tambaya gaskiya. Suna cin alade sosai, kuma da baƙin sukarin nan suke yin giyarsu. Kifi da kayan lambu dai akwai su a wadace.

Sana'ar saƙar tana nan da ranta?

Tana nan amma ta yi rauni. 'Yan Japan sun rage sa kimono, matasa suna tafiya Osaka da Tokyo neman aiki, yawancin masu saƙar tsofaffi ne. Wasu marinan yanzu riguna da jakunkuna suke rinawa a taɓon, baƙo ma in ya je ana ba shi dogon takalmi ya shiga fadamar ya rina tasa rigar da hannunsa.