Yadda Bakteriya Ke Tsara Ƙwayoyin Gadonta Wajen Gina Wutsiya

Filajela ita ce siririyar wutsiyar da wasu nau'o'in bakteriya ke iyo da ita. Sunan daga Latin ya fito, ma'anarsa ƴar bulala, amma ba kaɗa ta ake yi ba, juyawa take kamar farfelar jirgin ruwa, abin da Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjarsa a 1973. Galibin abin da aka sani kan gininta daga Salmonella da E. coli aka gano shi, bakteriya biyu mazauna hanji.

Wutsiyar kashi uku ce: gindi, wato injin da ke kafe a fatar bakteriyar, gwiwa mai lanƙwasa, sai dogon zaren da ke waje. Zaren kaɗai kan ci kwafi wajen 20,000 na furotin guda mai suna filajelin, aikin gaba ɗaya kuma yana buƙatar ƙwayoyin gado fiye da 50. Gini ne mai tsada ga halittar da ido ba ya gani, don haka ba a kunna waɗannan ƙwayoyin gado a lokaci guda. Hawa-hawa ake bi, hawa uku.

A hawan farko akwai ƙwayoyin gado biyu, flhD da flhC. Su ne masu ba da izinin a soma aiki, kuma sai sun duba halin da ake ciki. Idan sukarin gulukos ya wadata, izinin kan ragu ƙwarai. Wanda abinci ya iske har gida, me zai kai shi yawo? In izini ya fita, hawa na biyu ya kunnu, a shiga ƙera kayan gindi da na gwiwa. Hawa na uku shi ke ɗauke da filajelin, da furotin masu juya injin, da na shinshinar inda abinci yake.

Dabarar tana tsakanin hawa na biyu da na uku. Magini a Tawa ba ya cewa a hau da azara sai katanga ta kai inda ake so, amma shi yana da ido da igiyar awo. Bakteriya fa, ta ina za ta san gindi ya kammala, alhali rabin ginin yana wajen jikinta?

Tun a hawa na biyu take ƙera wasu furotin guda biyu. Ɗaya shi ne FliA, da ake kuma kira sigma 28, wanda in babu shi ba a karanta ƙwayoyin gadon hawa na uku. Ɗayan shi ne FlgM, aikinsa kawai ya cafke FliA ya hana shi sakat. A tsakiyar gindin kuwa akwai wata ƙofa da kayan gini ke fita ta cikinta, kuma ƙofa ce mai zaɓe. Muddin gwiwa ba ta kai ba, kayan gindi da na gwiwa kaɗai take bari su wuce. Wani furotin, FliK, shi ne igiyar awon. Da zarar gwiwa ta kai nanomita 55 ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sai ya taɓa FlhB, mai gadin ƙofar, ƙofa ta sauya abin da take karɓa. Cikin waɗanda ake turawa waje a lokacin har da FlgM kansa. An kori mai riƙo, FliA ya samu kansa, filajelin ya fara zuba.

Wato ginin da kansa ne ke shaidar ya kammala: in bai kammala ba, babu hanyar da FlgM zai bi ya fita. Kelly Hughes da abokan aikinsa a Amurka ne suka nuna haka a 1993, Kazuhiro Kutsukake na Japan ya zo da irin wannan sakamako a 1994. Gwaji ya tabbatar da cewa idan aka lalata ƙwayar gado ɗaya ta gindi, FlgM kan taru a ciki, filajelin ya tsaya. Idan kuwa FliK aka cire, sai gwiwa ta yi ta tsawo babu birki, zare kuma ya ƙi fitowa.

Zaren daga ƙarshensa yake ƙaruwa, ba daga tushe ba. Kowane filajelin yana bi ta wani ramin tsakiya mai faɗin nanomita 2 har ya kai can sama, inda wata hula mai suna FliD ke zaunar da shi a gurbinsa. Duk wanda ya ga ana jefa wa magini tubali yana zaune bisa katanga ya ga kwatancin abin.

Ba duk bakteriya ke bin hawa uku ba. Vibrio cholerae, mai haddasa kwalara irin wadda ta ɓarke a Nijar a 2021 har ta taɓa jihar Tawa, wutsiya ɗaya tal gare ta, tana gina ta bisa hawa huɗu, kuma sinadarin sodiyam ke juya injinta. Wata bakteriya mai suna Listeria ita kuma takan rufe ƙwayoyin gadon wutsiya idan zafi ya kai digiri 37, zafin jikin mutum ke nan. Akwai dalili: garkuwar jikinmu na da mai tsaro, TLR5, da ke gane filajelin da zarar ya gamu da shi.

Wanda ya taɓa karɓo takardar gwajin Widal na zazzaɓin taifod a wani ɗakin gwaje-gwaje a Yamai ya ga sawun wannan furotin ko bai sani ba. A takardar akan rubuta TO da TH. Harafin O na nufin bawon jikin Salmonella Typhi, bakteriyar da ke haddasa taifod, H kuwa filajelin ne, daga kalmar Jamusanci Hauch, wato hucin numfashi a jikin gilashi, saboda yadda bakteriya masu wutsiya ke bazuwa a farantin gwaji. Garkuwar da jiki ke yi wa H takan daɗe a jini bayan ciwo ya wuce, shi ya sa likitoci ba sa yanke hukuncin taifod da TH kaɗai.