Picasso da Matisse ba abokan gaba ba ne

An daɗe ana cewa shahararrun masu zane biyu, Picasso ɗan Sifaniya da Matisse ɗan Faransa, ba sa ga maciji da juna. Kishi kam akwai. Matisse ya girme Picasso da kusan shekara 12, shi ke tashe a Paris lokacin da suka haɗu a 1906 ta hannun Gertrude Stein, Ba'amurkiyar da ke sayen zanensu. Da Picasso ya zana wasu mata biyar masu fuskoki kamar an sassaƙa su da gatari a 1907, zanen bai kwanta wa Matisse ba ko kaɗan.

Amma fa a shekarar suka yi musayar zane. Picasso ya zaɓi hoton Marguerite, 'yar Matisse. 'Yan tsegumi suka ce don ya yi masa ba'a ya ɗauka. To, ya riƙe hoton har mutuwarsa a 1973. Matisse ne ma ya nuna masa wani ɗan gunkin Kongo da ya saya a kanti, wanda ya ja hankalinsa ga sassaƙar Afirka.

Bayan tiyatar 1941 ta kwantar da Matisse, yana kan gado yana yanka takardu masu launi da almakashi, Picasso yakan je dubiya a kudancin Faransa. Matisse ya mutu a Nuwamba 1954, Picasso bai je jana'izar ba, nan masu zancen gaba ke kafa hujja. Sai dai kafin Fabrairu ta ƙare ya zana hotuna 15 na matan Aljeriya a cikin ɗaki, jigon da Matisse ya shafe shekaru yana yi.