Zangon Shaƙatawa a Filayen Ciyawa da Bakin Tafkunan Saskatchewan

Zangon shaƙatawa shi ne mutum ya bar gari da gangan, ya je daji ko bakin ruwa ya kafa tanti ya kwana, don hutu da kallon halittun Allah. A Kanada al'ada ce mai ƙarfi, musamman daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, kafin hunturu ya rufe ƙasa da ƙanƙara. Akwai zango na asali, wanda baƙo ke ɗauko tantinsa da shimfiɗarsa da risho daga gida. Akwai kuma zangon alfarma, wanda Turawa ke kira glamping, inda zai iske an kafa masa ɗaki, da gado da tebur, sai dai ya biya kuɗi ya shiga. Kudancin lardin Saskatchewan, a yammacin ƙasar, na cikin wuraren da ake ganin nau'o'in biyu a fili.

Gandun Grasslands

Wannan gandun ƙasa yana daf da iyakar Kanada da jihar Montana ta Amurka. An ƙulla yarjejeniyar kafa shi tsakanin gwamnatin tarayya da ta lardi a 1981, kuma hukumar Parks Canada ce ke kula da shi. Ba a ƙwace gonar kowa ba. Hukumar na sayen fili ne daga makiyayan da suka yarda su sayar, shi ya sa gandun ya girma a hankali. Kashi biyu ne: na yamma a kwarin kogin Frenchman, kusa da ƙauyen Val Marie, da na gabas a yankin rafin Rock Creek. Tsakaninsu tafiyar kimanin awa biyu ce a mota.

Darajar wurin tana cikin ciyawarsa. Mafi yawan filayen ciyawar Saskatchewan tun tuni garma ta bi ta kansu, sun koma gonakin alkama, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A nan kuwa ƙasar tana nan yadda take, ba a taɓa noma yawancinta ba. Itatuwa ƙalilan ne, su ma a bakin kogi. Wanda ya tsaya a kan tudu zai ga ciyawa gajera tana kwanciya tana tashi da iska har iyakar ganinsa, babu turken lantarki, babu rufin kwano.

A ƙarshen 2005 aka kawo ɓaunar Amurka guda 71 daga gandun Elk Island na lardin Alberta, bayan fiye da shekara ɗari babu ita a yankin, kuma garken ya hayayyafa. A nan kaɗai a duk Kanada ake samun wani irin kurege mai baƙar wutsiya da ke haƙa ramuka yana zama jama'a guda. Idan mutum ya tunkaro, sai ɗaya ya miƙe kan ƙafafun baya a bakin raminsa, ya yi wani ɗan haushi, nan take saura su faɗa ƙasa. Akwai barewar Amurka, da mujiya mai kwana a rami, da maciji mai dafi wanda ke kaɗa wutsiya tana ƙara.

Mutane sun yi zango a wannan fili tun kafin zuwan Turawa da dubban shekaru. An ƙirga da'irorin duwatsu fiye da 12,000 a cikin gandun, waɗanda 'yan asalin ƙasar suka danne gefen tantunansu na fata da su don kada iska ta ɗage. A 1877 jagoran ƙabilar Lakota ta Amurka, Sitting Bull, ya ƙetaro iyaka da mutanensa ya fake a yankin Wood Mountain, bayan yaƙin Little Bighorn da suka gwabza da sojojin Amurka. A kwazazzaban ɓangaren gabas kuma masanin duwatsu George Mercer Dawson ya tsinci ƙasusuwan dainoso, wato dabbobin zamanin da can da suka ɓace daga duniya, a 1874. Doka ta hana ɗaukar dutse ko ƙashi ko kan kibiya, kuma doka ce mai kyau, domin dutse ɗaya da aka gusar daga da'ira ba mai iya mayar da shi mazauninsa.

Wuraren kwana

Kowane ɓangare yana da masauki guda, Frenchman Valley a yamma da Rock Creek a gabas, kuma dukansu ƙanana ne. Ana kama wuri ta intanet tun da watanni. Kowane gurbi yana da tebur da wurin kafa tanti ko ajiye motar kwana, akwai ruwan sha da bayan gida na tarayya. Mai ƙarfin hali yana iya yin rajista ya saɓa jaka ya nausa cikin daji da ƙafa, amma tilas ya ɗauki duk ruwan da zai sha, domin ruwan rafukan wurin ba abin dogaro ba ne.

Zangon alfarma a nan shi ne ɗakin da Parks Canada ta sa wa suna oTENTik. Rabi tanti ne rabi ɗaki: daɓen katako a ɗage daga ƙasa, ginshiƙan katako, rufi da bango na tamfol mai kauri, ƙofa da tagogi. A ciki akwai katifu na mutum shida, da tebur da kujeru. Baƙo ne ke zuwa da bargonsa da abincinsa. Ba famfo a ciki, kuma ba a yarda a yi girki ko a ajiye wuta a ɗakin ba, sai a waje.

Wasu tsofaffin 'yan zango na yi wa wannan tsari kallon raini, suna ganin wanda bai kafa tanti da hannunsa ba bai je daji ba. Wannan hukunci ya yi tsauri. Kayan zango suna da tsada, kuma ba kowa ya tashi a gidan da ake yin sa ba. Iyali masu ƙananan yara, da dattijon da gwiwa ba ta barinsa ya kwanta a ƙasa, da baƙin da suka yi ƙaura zuwa Kanada ba su taɓa ɗaura tanti ba, duk wannan ɗaki ne ke buɗe musu hanya. Ga kuma ribar ƙasa: ɗaki mai zama wuri guda ya fi tantuna masu yawo suna tattake ciyawar da ke daɗewa kafin ta farfaɗo. Inda ake jin tsoro shi ne idan jin daɗin ya wuce kima, aka fara jawo fitilu masu haske da janareto da tituna, domin a lokacin an kashe abin da aka zo nema.

Abin da aka zo nema, ga da yawa, duhu ne. A 2009 ƙungiyar masana taurari ta Kanada ta ayyana gandun a matsayin wurin kare duhun sama, kuma yana cikin mafi duhu a ƙasar. A tsakiyar bazara rana takan kai awa 16 a sama, don haka mai son ganin taurari sai ya yi haƙuri har dare ya raba. Ana son a yi amfani da tocila mai jan haske, don fari yana kashe ido.

Bakin tafkin Diefenbaker

Arewa da nan, bayan garin Swift Current, akwai tafkin Diefenbaker. Tafkin ɗan Adam ne, ya samu bayan kammala madatsar Gardiner a kan kogin South Saskatchewan a 1967. Tsawonsa ya kai kilomita 225, gaɓarsa kuma kusan 800. Gandun lardi uku ne a bakinsa: Danielson, da Douglas mai tuddan rairayi, da Saskatchewan Landing, inda a da matafiya ke ƙetare kogi da karusai. Zangon nan ya fi cika da hayaniya. Ana zuwa da kwalekwale da ƙugiya, yara na iyo, gurabun kwana sun fi yawa, akwai wurin wanka da kanti. Hukumar gandun lardin ita ma tana ba da hayar tantuna shiryayyu a wasu wurarenta ƙarƙashin sunan Camp-Easy. Ana buƙatar lasisi kafin a kama kifi, kuma ana binciken kwalekwalen da suka fito daga wasu yankuna, don kada su shigo da wani ƙaramin ƙumba mai toshe bututun ruwa.

Haɗurra da ƙa'idoji

Katifa ba ta sauya halin daji. Iskar filin tana iya tumɓuke tantin da ba a kafe shi da kyau ba, hadari na tasowa babu sallama, wani lokaci da ƙanƙara, kuma babu inuwar fakewa idan zafi ya haura digiri 30. Hanyoyin ƙasa na wurin laka ne mai santsi da zarar an yi ruwa. Layin waya yana ɗaukewa a wurare da dama, asibiti da gidan mai suna da nisa, don haka a cika tanki kafin a shiga, a kuma sanar da wani inda aka nufa.

Wuta ce babbar barazana. A Afrilun 2013 gobarar daji ta cinye yanki mai faɗi na ɓangaren yamma, kuma duk lokacin da ciyawa ta bushe hukuma kan hana hura wuta baki ɗaya. Ko zafin salansar mota da aka faka cikin doguwar ciyawa ya isa ya tayar da ita. Ɓauna kuwa, duk da kamar ba ruwanta da kowa, tana da gudu fiye da mutum nesa ba kusa ba. Ƙa'ida ita ce a bar aƙalla mita 100 tsakani, musamman a watannin Yuli da Agusta lokacin barbara. Saboda macizai ana sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, kuma ba a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse.