Mene ne "dillalin bogi", kuma me ya sa kuɗin ba ya fita?

Dillalin bogi shi ne kamfanin da ke cewa zai yi maka ciniki a kasuwar canjin kuɗaɗe ko ta kirifto ta intanet, alhali kuɗinka bai taɓa shiga wata kasuwa ba. Manhajar tasu ce, ribar da kake gani tana hawa kuwa su ke rubuta ta da hannunsu.

Zuba kuɗi ba wuya, minti biyar ya isa. Sukan ma bar ka ka ciri 'yar riba da farko don hankalinka ya kwanta ka ƙaro mai tsoka. Wanda suka haɗa ka da shi kullum yana kan waya: "Ranka ya daɗe, yau kasuwa ta buɗe, kar ta wuce ka."

Asiri yana tonuwa ne ranar da ka nemi cire kuɗinka duka. Sai a ce ka fara biyan haraji. Ka biya, a ce saura kuɗin tantancewa. Ka biya, a ce an rufe asusun bisa zargin halasta kuɗin haram, sai ka ajiye jingina. To, in da gaske kuɗin na nan, me ya hana su cire ladansu daga ciki? Haka dillalin ƙwarai yake yi. Haraji kuma hukuma ake biya, ba a tura shi da kuɗin kirifto irin su USDT zuwa asusun wani, inda in ya tafi ya tafi ke nan.

Alƙawarin riba tabbas ma alama ce. A 2018 ESMA, hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hada-hadar kuɗi ta Tarayyar Turai, ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu cinikin CFD (ciniki kan hasashen hawa ko saukar farashi ba tare da mallakar kayan ba) asara suke yi, a hannun dillalai masu lasisi ma. Lambar lasisin da aka liƙa a shafi ba hujja ba ce, domin sukan kwafi ta kamfanin gaske. Shiga rajistar hukumar da ke ba da lasisin da kanka, kamar FCA ta Birtaniya ko ASIC ta Ostireliya, ka gwada adireshin shafi da lambar waya. Wanda ya ce ka sauke AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa wayarka daga nesa, don ya taya ka cirewa, mabuɗin wayarka yake nema.

Bayan an gama da mutum, sai wani ya kira, wai lauya ne mai ƙwato kuɗin da aka sace, a ba shi kafin alƙalami. Sau da yawa mutanen farko ne suka sake suna, shi ya sa ya san adadin da ka rasa tun ba ka faɗa ba.